Kogin Haɗeja Bayan Tiga da Calawa: Nazari Kan Ruwan da Ya Sauya Lokaci

Cikin kwaruruwan kogunan arewacin Nijeriya, da wuya a sami wanda masana ilimin ruwa suka yi wa bin diddigi kamar kwarin Haɗeja da Jama'are. Dalilin bai ɓuya ba. A nan ne aka datse kogi ɗaya daga sama, aka bar ɗan'uwansa yana gudu yadda ya saba, sannan su biyun suka gangara fadama guda. Mai bincike ya sami abin kwatantawa ba tare da ya shirya gwaji ba.

Kogin Kano da na Calawa suna haɗuwa kafin Wudil su zama kogin Haɗeja. Na Jama'are kuwa daga tsaunukan Jos yake gangarowa ta ƙasar Bauchi. Daga sama duk suna bi ta kan ƙasa mai dutse, inda ruwan sama ke da yawa kuma ba ya nutsewa sosai. Da sun sauko kan rairayi da lakar kwarin Chadi sai gangara ta kusan ƙarewa, kogi ya rarrabu rassa rassa, ya bazu a fadamun Haɗeja da Nguru. Abin da ya tsira ya taru wajen Gashuwa ya zama Komadugu Yobe, wanda ke bin iyakar Nijeriya da Nijar ta Diffa har tafkin Chadi. Tun daga Wudil kogin Haɗeja raguwa yake yi, ƙasa na sha, rana na tsotsa. Injiniyoyin farko sun lissafa wannan a matsayin ruwan da ya salwanta, kuma a kan wannan lissafi aka gina hujjar datse shi.

An kammala madatsar Tiga a 1974, ana fita daga farin 1972 zuwa 1973, ta Calawa kuma a 1992. Su biyun suna riƙe da kimanin kashi 80 cikin ɗari na ruwan da ke shiga kogin Haɗeja. Daga gare su ake shayar da birnin Kano, ake ban ruwa a Kadawa da Kura da Bunkure, ake kuma ciyar da aikin noman rani na kwarin Haɗeja da ke wajen Auyo. Hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke riƙe da ƙofofin.

Bincike mai tsari ya kankama ne da shirin kare fadamun Haɗeja da Nguru a 1987, wanda ƙungiyar IUCN ta shiga cikinsa. An riƙa auna faɗin ambaliya daga jirgin sama duk shekara. Ambaliyar da ta haura murabba'in kilomita 2,000 a ƙarshen shekarun 1960 ta koma ƙasa da 1,000 a yawancin shekarun 1980 da farkon 1990. Sai dai fari ma ya yi tasa ɓarnar a wannan tsakani, musamman na 1983 da 1984, don haka aikin masana shi ne raba laifin dam da na sama. Ted Hollis da Julian Thompson na jami'ar UCL da ke Landan sun gina lissafin kwamfuta na shigar ruwa da fitarsa a fadamar, wanda ya ba da damar tambayar yadda ambaliya za ta kasance da dam ko babu shi a shekara mai ruwan sama iri ɗaya. Littafin da Hollis da William Adams da Muhtari Aminu-Kano suka shirya a 1993 ya tattara yawancin abin da aka gano zuwa lokacin.

Ɓangaren da ya fi jan hankali shi ne na tattalin arziki. Edward Barbier da abokan aikinsa sun yi wa amfanin fadama kuɗi: shinkafar da ake shukawa kafin ruwa ya hau, wake da sauran amfanin da ake bin ruwa da su yana janyewa, kifi, itacen girki. Suka raba da yawan ruwan da aka sha, suka kwatanta da noman rani na Kano, fadama ta yi rinjaye da tazara mai nisa. Nazarin Barbier da Thompson na 1998 ya nuna cewa in aka kammala duk ayyukan da aka tsara daga sama, har da madatsar Kafin Zaki a kan Jama'are, ribar sabon noman rani ba za ta maye ko kashi ɗaya cikin biyar na asarar fadama ba. Daga baya Gayatri Acharya da Barbier suka bi sawun ruwan da ake cewa ya salwanta, suka nuna shi ne ke cika rijiyoyin sha da na lambu a ƙauyukan da ke kewaye. A ganina wannan lissafi yana da iyaka guda da ya kamata a faɗa: ya auna gona da gona, alhali ƙishirwar birnin Kano ba ta shiga wannan ma'auni, kuma babu gwamnatin da za ta rufe famfon Tamburawa da ke shayar da Kano don shinkafar Nguru.

Abin da lissafin farko bai hango sosai ba shi ne matsalar da ta fi addabar mutane yanzu. Kafin dam, kogin Haɗeja kan ƙafe da rani. Ruwan Agusta kan zo da ƙarfi ya share laka daga hanyarsa, zafin bazara kuma ya kashe ciyayin ruwa. Da aka fara sakin ruwa duk shekara saboda Kano da noman rani, sai gudun damina ya yi rauni, na rani kuma ya ƙi yankewa. Ruwa marar zurfi mai tafiya a hankali shi ne abin da ciyawar kacala ke so. Ta cika rassan kogi, ta tare laka, lakar ta ƙara toshe hanya. Reshen tsohon kogin Haɗeja da na Burum Gana suka shaƙe, ruwa ya karkata mashigin Marma zuwa tafkin Nguru, inda ba shi da mafita. Gonakin da ke can suka nutse shekara da shekaru, na wani reshen suka bushe, tsuntsun jan-baki ya sami wurin kwana a cikin kacala yana fita ya cinye gero da shinkafa. Awon da aka yi a Gashuwa a ƙarshen shekarun 1990 ya nuna kusan duk ruwan da ke shiga Yobe na Jama'are ne. Wannan ya sa batun Kafin Zaki ke tayar da hankalin Yobe da Borno, har da masu noman tattasai na Diffa, duk lokacin da aka sake ɗago shi.

Ke nan abin da dam ya fi sauyawa shi ne lokacin zuwan ruwa da lokacin ɗaukewarsa. Maganin da masana suka kawo tun shekarun 1990 ya bi wannan fahimta: a saki ruwa mai yawa a Agusta ya haɗu da ambaliyar Jama'are, a kuma ƙuntata sakin rani ga abin da ake buƙata kawai, domin rassan kogi su sami bushewa. Abin da aka fi yi a aikace shi ne yashe mashigai da yanke kacala, aikin da ake gani da ido kuma ake iya ba da kwangilarsa. Yana buɗe hanya na ɗan lokaci, kacala ta dawo, tun da yanayin da ya haife ta yana nan.

Ba a rasa takardu ba. Nijeriya da Nijar sun sa hannu kan yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 game da ruwan da suka yi tarayya. A 2006 jihohin Kano, Jigawa, Bauchi, Filato, Yobe da Borno suka amince da tsarin kula da kwarin, suka kafa masa asusu. Rabon ruwa tsakanin jihohi shida kuwa yana tsayawa ne a kan alƙaluman da kowa ya yarda da su, kuma yawancin tashoshin awon da aka kafa a shekarun 1960 da 1970 sun yi shekaru da giɓi a bayanansu. Wanda ke Gashuwa ba shi da hanyar tabbatar da abin da aka saki a Tiga ranar da aka sake shi, ballantana ya nemi a sauya jadawalin.