Yadda Birnin Konni Ta Hau Taswira

Kafin zuwan Turawa, da kwatance ake sanin inda Birnin Konni take. Fataken da ke tasowa daga Sakkwato su nufi Adar da zango suke ƙirga tafiya, suna riƙe hanya da rijiyoyi da fadamu. Auna wuri da lamba daga Turai ya zo. Ranar 14 ga Yuni 1898 Ingila da Faransa suka ƙulla yarjejeniya a Faris, suka zana baka mai nisan mil 100 kewaye da birnin Sakkwato. Abin da ya faɗa ciki na Ingila ne, Konni kuwa ba ta kai kilomita 100 daga Sakkwato ba, sai ta faɗa ciki. Zanen bai tsare ran kowa ba. A watan Mayu 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta ƙetare shi, ta ƙone garin, ta hallaka jama'a masu yawa.

Rabon bai yi wa Faransa daɗi ba, domin ya bar ta ba hanya mai ruwa daga kogin Kwara zuwa Damagaram. Aka gyara iyakar a 1904, aka daddale a 1906, Konni ta koma hannun Faransa. Daga 1906 zuwa 1908 Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi ƙasar da ma'aikatansu. Da dare sukan auna tsayin taurari don sanin nisan wuri daga layin tsakiyar duniya, su gwada agogo don sanin matsayinsa gabas ko yamma. Alamomi 148 suka kafa har tafkin Cadi. Aiki ne na ƙwarewa, amma shi ya raba Konni da Illela ta Sakkwato, garuruwan da kasuwa da auratayya suka haɗa.

Lambobin da suka sha wahalar nema, wayar hannu ke bayarwa yanzu nan take: Konni tana wajen digiri 13 da minti 48 arewa, digiri 5 da minti 15 gabas. Tsarin GPS da wayar ke dogara da shi na sojan Amurka ne, sai a watan Mayu 2000 aka daina rage wa farar hula ingancinsa. A 2010 Facebook ya ba mutane damar maƙala sunan wuri a abin da suka wallafa, daga nan aka samu manhajojin da ke bin sawun a juye. Mai bincike yakan girka irin wannan manhaja a kwamfuta, ya shigar da lambobin biyu, ta jero masa wuraren da aka yi wa rajista kusa da wannan ɗigo, ya duba hotunan da aka ɗora daga can. 'Yan jarida kan yi haka don tantance ko hoto daga inda aka ce ya fito.

A wannan yanki amfanin a fili yake, tunda Illela biyu ce, ta jihar Tawa da ta jihar Sakkwato, suna kaɗai ba ya rarrabe su. Sai dai manhajar ba ta ganin komai in ban da abin da masu waya suka maƙala. Manyan wurare kamar masana'antar siminti ta Malbaza ko asibitin Galmi sun fi saurin bayyana, ƙauyen da ba wanda ya sa wa alama kuwa ba ya fitowa, wanda ya maƙala ƙofar gidansa kuma ya nuna ta ga duk baƙon da ya shigar da lambar unguwar.