Hendra Setiawan da gadon wasan 'yan bibbiyu a Indunusiya

Wasan badminton, wanda ake buga shi da wani faifan raga mai dogon mariƙi da ake kira raket da kuma ƙwallon da aka ƙera da gashin tsuntsu goma sha shida da aka kafa a kan toto, ya samu ƙa'idojinsa na zamani ne a Ingila cikin ƙarni na 19, amma a ƙasashen Asiya ya yi saiwa, kuma a cikinsu babu inda ya shiga jinin jama'a kamar Indunusiya. An kafa hukumar wasan ta ƙasar, wadda aka fi sani da PBSI, a birnin Bandung a shekarar 1951, kuma shekara bakwai bayan haka, a 1958, 'yan wasanta suka ɗauki Kofin Thomas, wato gasar ƙasa da ƙasa ta tawagogin maza, a karon farko da suka shiga. Lambobin zinare na farko da ƙasar ta taɓa samu a gasar Olamfik ma ta wannan ƙofa suka shigo, lokacin da Susi Susanti da Alan Budikusuma suka yi nasara a Barcelona a 1992.

Sai dai ɓangaren da Indunusiya ta fi daɗewa tana riƙe da ragamarsa shi ne na 'yan bibbiyu na maza, inda mutum biyu ke fuskantar mutum biyu a filin da tsawonsa ya kai mita 13.4, faɗinsa kuma mita 6.1. Christian Hadinata da Ade Chandra sun ci gasar All England, wadda ake yi tun 1899, a 1972 da 1973. Tjun Tjun da Johan Wahjudi suka biyo bayansu da nasara shida a wannan gasa, suka kuma zama zakarun duniya na farko a 1977. Daga nan Ricky Subagja da Rexy Mainaky suka ɗauki zinaren Olamfik a Atlanta a 1996, Tony Gunawan da Candra Wijaya kuma suka maimaita hakan a Sydney a 2000. A cikin wannan silsila aka haifi Hendra Setiawan a garin Pemalang da ke tsakiyar tsibirin Jawa ranar 25 ga Agusta, 1984, ya yi horo a kulob ɗin Jaya Raya na Jakarta, kafin a ɗauke shi zuwa sansanin horon ƙasa da ke Cipayung.

Ba za a fahimci darajar wannan ɗan wasa ba sai an san yadda ake raba aiki tsakanin abokan wasa biyu. Idan suna kai hari, ɗaya yakan tsaya a baya yana sarar ƙwallo daga sama zuwa ƙasa da iyakar ƙarfinsa, ɗayan kuma ya tsaya kusa da raga yana jiran abin da abokan hamayya za su maido. Idan kuwa su ake kai wa hari, sai su jeru kafaɗa da kafaɗa, kowa ya tsare rabin fili. Idon mai kallo yakan tafi ga na baya, domin shi ne mai tsalle da ƙara, alhali kuwa mafi yawan maki a hannun na gaba ake ƙulla su, musamman a bugu uku na farko, wato bugun buɗe wasa, da amsarsa, da bugun da ya biyo bayan amsar. Wanda ya rinjayi waɗannan ukun shi ke tilasta wa abokin hamayya ya ɗaga ƙwallo sama, kuma duk wanda ya ɗaga ya miƙa wuya ga sara. Wannan gurbi na gaba shi ne Hendra ya mallaka. Yakan tsaya da raket a ɗage daidai fuskarsa, ba ya yawan motsi, kafin abokin hamayya ya gama juya wuyan hannunsa ya riga ya gano inda ƙwallon za ta bi, sai ya tare ta tun tana saman raga ya karkatar da ita zuwa gurbin da babu kowa, sau da yawa da ɗan taɓi mai laushi wanda ba ya buƙatar ƙarfin dantse. Sauyin lissafin maki da aka yi a 2006, wanda ya mayar da kowane turmi maki 21 kuma kowane bugu ya zama yana da maki ko da wane ne ya buɗe wasa, ya ƙara wa irin wannan gwaninta daraja, saboda kuskure ɗaya a bakin raga ya zama asara nan take.

Abokin da ya fara yin suna tare da shi a fagen duniya shi ne Markis Kido, sa'ansa a shekaru, gajere mai ƙarfin sara da tsalle, wanda halinsa a fili ya sha bamban da natsuwar Hendra, kuma wannan bambanci ne ya sa suka dace. Sun zama zakarun duniya a Kuala Lumpur a 2007 bayan sun doke Jung Jae-sung da Lee Yong-dae na Koriya ta Kudu, sannan a 2008 suka je Beijing suka haɗu da 'yan gida, Cai Yun da Fu Haifeng, a wasan ƙarshe na Olamfik. An cinye su turmin farko da 12 da 21 a gaban dubban magoya bayan ƙasar Sin, amma suka sauya salo suka hana 'yan gida samun ƙwallo mai tsayi, suka ɗauki sauran turmi biyun da 21 da 11, da kuma 21 da 16. Wannan ne zinare ɗaya tilo da Indunusiya ta samu a wancan karo. Sun ƙara da zinaren Wasannin Asiya a Guangzhou a 2010, daga nan tauraruwarsu ta fara dusashewa, har ba su halarci Olamfik ta Landan ba a 2012.

Galibin 'yan bibbiyu idan suka rabu da abokin da suka yi suna tare da shi ba sa sake kai wa matsayin da suka baro, domin fahimtar juna da ake ginawa cikin shekaru ba ta sauya sheƙa da sauƙi. Hendra ya saɓa wa wannan al'ada. A ƙarshen 2012 aka haɗa shi da Mohammad Ahsan, ɗan Palembang wanda a da yake wasa da Bona Septano, ƙanen Markis Kido, a ƙarƙashin mai horarwa Herry Iman Pierngadi, kuma cikin shekara guda suka ɗauki kambin duniya a Guangzhou a 2013 a hannun Mathias Boe da Carsten Mogensen na Denmak. All England da zinaren Wasannin Asiya na Incheon suka biyo baya a 2014, sai kambin duniya na biyu a 2015 a ɗakin wasa na Istora da ke Jakarta, a gaban jama'arsu. An je Olamfik ta Rio a 2016 ana sa musu ran lamba, amma tun a matakin rukuni aka fitar da su, lamarin da ya raba su. Hendra ya bar sansanin ƙasa ya shafe shekarar 2017 yana wasa da Tan Boon Heong na Malesiya ba tare da wani abin a zo a gani ba.

Abin da ya faru bayan sun sake haɗuwa a 2018 shi ne babin da ya fi cancantar nazari a tarihinsa, domin a lokacin wasan ya koma hannun matasa masu sauri irin su Marcus Gideon da Kevin Sukamuljo, su kuwa duk sun haura shekara talatin, magidanta ne masu 'ya'ya, har 'yan kallo suka laƙaba musu sunan da ke nufin iyaye maza. Tun da ba za su iya tsere da yara a dogon bugu ba, sai suka mayar da wasan gajere, suna neman kashe maki kafin ya yi nisa, suna riƙe ƙwallo ƙasa-ƙasa daf da raga. A 2019 suka ci All England duk da raunin da Hendra ya ji a sha-raɓarsa, suka ci gasar duniya a Basel a kan Takuro Hoki da Yugo Kobayashi na Japan a ranar da Hendra ya cika shekara 35 cif, suka kuma rufe shekarar da kofin gasar ƙarshe ta zakarun shekara a Guangzhou. Da wannan ya tara kambin duniya huɗu da abokai biyu cikin shekara goma sha biyu, kuma babu wata hujja da ta fi wannan nuna cewa abin da yake ɗauke da shi sani ne na karanta wasa, wanda shekaru ke ƙara masa kaifi.

Shekarar 2021 ta zo masa da ɗaci da daɗi a haɗe. A watan Yuni Markis Kido ya yanke jiki ya faɗi yana cikin wasa a Tangerang, ya rasu yana da shekara 36. A Olamfik ta Tokyo Hendra da Ahsan sun ƙare a matsayi na huɗu, bayan Aaron Chia da Soh Wooi Yik na Malesiya sun ƙwace musu lambar tagulla. A watan Oktoba kuma Hendra, a matsayin kyaftin, ya jagoranci tawagar da ta doke Sin da ci 3 da nema a Aarhus ta dawo da Kofin Thomas gida a karon farko tun 2002, ko da yake ba a ɗaga tutar ƙasar a wurin bikin ba saboda takunkumin da hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta sanya mata. Ya sake kai wa wasan ƙarshe na gasar duniya a 2022, da na All England a 2022 da 2023, inda a duka karo biyun na All England ƙannensa a fagen wasa daga sansanin Cipayung ne suka doke shi, Bagas Maulana da Muhammad Shohibul Fikri da farko, sannan Fajar Alfian da Muhammad Rian Ardianto. Shi da Ahsan sun yi ban-kwana da fage a gasar Indonesia Masters a Istora a watan Janairun 2025, Hendra yana da shekara 40.