Awon Basira da Matsalar Harshe

A shekarar 1904 hukumar ilmi ta Faransa ta nemi hanyar gane yaran da karatun aji ke gagara, don a keɓe musu koyarwa. Alfred Binet da Théodore Simon suka fito da jarrabawarsu a 1905. Shi Binet bai yarda basira aba ce tsayayya wadda za a auna kamar tsawon mutum ba. Nufinsa a taimaki yaro.

Da awon ya ƙetara Amurka sai ya sake kama. Lewis Terman ya gyara shi a Jami'ar Stanford a 1916, aka koma ba kowa lamba guda. A Yaƙin Duniya na Farko aka gwada sojoji fiye da miliyan ɗaya da rabi, cikin tambayoyin kuwa har da sunayen kayan kanti da na 'yan wasan ƙwallo.

Carl Brigham ya bi sakamakon nan a littafinsa na 1923, ya tarar baƙin da suka daɗe a ƙasar sun fi sababbin zuwa maki. Duk malamin da ya taɓa jarraba yaro da harshen da ba nasa ba ya san dalili: sun koyi Ingilishi ne da al'adun gari. Amma shi cewa ya yi sababbin zuwan, watau mutanen kudanci da gabashin Turai, asalinsu ne ya gaza. A 1924 aka yi dokar da ta taƙaita shigowarsu. Brigham ya janye maganarsa a 1930, amma tsarin ƙayyade baƙi bisa ƙasarsu ta asali ya zauna har 1965.