Tsintsiyar Heluma

Jikana ne ya tono wannan zance. Ranar wata Juma'a bayan la'asar ya zo ya raɓa gefen tabarmata, ya miƙo mini waya yana dariya, wai in ga abokan aikina na Turai. Wani tsoho ne mai furfura kamar tawa ya shimfiɗa ɗan layin dogo a lambun bayan gidansa, faɗinsa milimita 45, bai ko kai tsawon yatsana ba, ɗan jirgi yana ta zagaya gindin furanni. Abin da yake alfahari da shi wani tarago ne da ya haɗa da hannunsa. Ya rataya guntun katako a ƙarƙashinsa, ya ɗora masa nauyi, katakon yana jan ciki bisa ƙarfen yana goge dauɗa. Yaron ya ce wutar lantarki ta cikin ƙarfen layin take bi ta kai ga injin, shi ya sa ƙura kaɗan ko kashin tsuntsu ya isa ya tsai da jirgin.

"Tsoho, ka ga basira," in ji shi. "Ku da kunka ƙare ƙuruciyarku bisa dogo, mi kunka ƙera?"

Na ce ya maido mini hoton baya. Na ƙura wa katakon ido. Ba a ɗaure shi ba. Ƙusoshi biyu ne suka ratsa cikin taragon sakwa-sakwa, katakon yana hawa yana sauka yadda layi ya so. Na ce masa wannan kam helumanmu ya yi shi tun uwarka ba ta yi wayo ba.

Mutanen bariki sun daɗe suna yi mini ba'a, wai ɗan Dogon Daji, garin da ke da dogo a suna ba shi da shi a ƙasa. Gaskiyarsu. Layin da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau ya tsaya cik a Ƙauran Namoda a 1929, kuma har yau bai ƙara taku ɗaya wajen Sakkwato ba. Ni farin 1973 ya kai ni can, shekarar da naira ta kori fam. Gero ya ƙone a gonarmu, na bi motar Jega a juye zuwa Sakkwato, daga nan Gusau, wani ɗan garinmu ya tsaya mini aka ɗauke ni lebura a ƙungiyar gyaran layi. Ba zan ɓata lokaci kan dukan diga da cusa tsakuwa ƙarƙashin silifa ba. Duk wanda ya ci wannan tuwo ya san su, wanda bai ci ba kuwa bayani ba zai sa masa kanta a tafin hannu ba.

Abin da ke cinye mana rana shi ne yashi. Da rani iska ta kwaso shi, da damina ruwa ya wanko shi daga gonaki ya jibge inda layi ya ratsa tudu. Mafi muni shi ne mashigar motoci da burtali. Akwai ɗan kwarmin da leɓen ƙafar jirgi ke bi, kofaton shanu ya tura ƙasa ciki, ruwa ya jiƙa, rana ta gasa, ta koma kamar daɓe. In aka bar ta, ƙafar jirgi hawa za ta yi maimakon bi. Da shebur da tsintsiyar hannu muke yi, mutum takwas a duƙe, mu share mil guda iska ta maida rabinsa kafin azahar.

Helumanmu Bazamfare ne, ɗan gidan maƙera, gajere, ba ya karatun boko amma ya haddace lambar kowace gada da kwalbati a yankinmu. Shi ya fara cewa tunda dai kullum sai mun tura kura ɗauke da kayan aiki, don me kurar ba za ta yi shara tana tafe ba? Kura ita ce amalanken nan mai ƙafafun ƙarfe huɗu da ake ɗorawa bisa layi, mutum biyu na turawa.

Tsintsiyar farko da muka haɗa ta kusa kashe ni. Guntun ƙarfe ya samo ya ɗaure shi tam da noti a gaban kura, bakinsa na shafar layi. Tana kankarewa ƙwarai, har muna tafi. Sai muka zo gangare, ni ina zaune a gaba riƙe da birki, bakin ƙarfen ya caki mahaɗar layi, wurin da ake barin ɗan gibi saboda ƙarfe na miƙewa in ya sha rana. Kura ta tsaya, ni ban tsaya ba. Haƙorina na gaba yana can tsakanin Gusau da Ƙaura. Heluma ya zo ya dube ni, ya ga ina numfashi, ya wuce ya tsuguna gaban ƙarfen. Ya daɗe. Sannan ya ce, "Laihina ne. Na ɗaure mata wuya. Abin shara ba a ɗaure shi, sai a bar shi shi bi ƙasa." Sannu kuwa sai da dare ya ce mini ita.

Ta biyu ita ce muka yi shekaru da ita. Katakon giginya ne guda biyu, ɗaya kan kowane ƙarfe, rataye da sarƙa ba da noti ba. A bakin kowanne ya kafa yankakkiyar tsohuwar tayar tirela, ya karkata ta yadda yashi zai zube waje, ba tsakiyar layi ba. Bayanta damin kaba, an yanke shi daidai, an matse da waya, shi ke bin abin da roba ta bari. Nauyi kuwa tsohon takalmin birkin tarago ne da ya cinye, ɗaya bisa kowane katako. A nan gwanintar take. In nauyi ya yi yawa masu turi su la'ance ka kafin hantsi, in ya yi kaɗan kaba ta yi ta rawa a banza. Da kunne yake gane daidai. Yana tafe gefe hannu a baya, in ƙarar ta canja sai ya ɗaga yatsa a tsaya. Don kwarmin mashiga ya ƙera wani ɗan haƙori mai kama da bakin lauje, wanda ake saukewa da igiya kawai in an iso wurin. Kuma duka kayan a ƙugiya suke, saboda in mai jar tuta ya yi ihu jirgi na tafe, dole a zare su a ciccibi kura a sauke gefe kafin ka karanta Fatiha.

Abin dariya, yashin da muke yaƙi da shi direba da kansa yake ɗauke da shi. Kowane kan jirgi na da akwatin busasshen yashi da yake zubawa gaban ƙafafu in layi ya yi santsi. Farkon damina, in ƙadandoniya ta fito ta hau ƙarfe, ko ciyawa ta kwanta bisa shi aka murƙushe ta, sai ka ga jirgin kaya a hawa yana ta juya ƙafa wuri ɗaya. A irin wannan lokaci muke cire roba mu naɗa buhun algarara a katakon. Direbobi sun san wannan. Akwai wanda in ya wuce mu yakan jefo mana ƙullin goro ta taga.

Jirgin kaya na ce, amma lokacin ma kayan sun fara ja baya. Cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 ta karya cinikinta, sai auduga da fatu da shanu da taki. Indiyawa sun karɓi tafiyar da reluwe daga 1979 zuwa 1982, kuma a zamaninsu ne wani sufeto ya sauko daga kurarsa mai inji, ya zagaya tamu sau biyu, ya zana ta a littafinsa. Heluma ya yi mako yana ba da labari.

Wanda ya kashe ta ɗanmu ne. Wani saurayin injiniya, sabon fitowa daga makaranta, takalminsa ko ƙura bai sani ba. Ya ce wannan tarkace ba ya cikin littafin ƙa'ida, in ta jawo hatsari wa zai amsa? Ban ce ba shi da hujja ba, ni da haƙorina shaida ne. Abin da ya ci mini rai shi ne bai ce a tura ta ya gani ba, ko taku goma. Da ƙafa ya nuna ta. Heluma, wanda ya girmi ubansa, ya ce "To, ranka shi daɗe," ya zare ƙugiyoyin da hannunsa. Katakon mun yi girki da shi. Bayan shekara biyu ya ajiye aiki ya koma maƙera, ban sake jin ya ambaci tsintsiyar ba, ko da na je gaishe shi a ciwon ajalinsa.

Yanzu ina jin labarin layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, mai faɗin milimita 1435, namu kuwa 1067 ne, da na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021. An ce injuna ke share tsakuwa suna daidaita ta. Madalla, bayana ya san abin da aka hutar da na baya. Ina dai so in ga mai tuƙa injin nan ya sauko in tambaye shi wace mahaɗa ce ta saki a yankinsa, don mu masu turin kura a tafin ƙafa muke jin ta.

Jikan nawa bai yarda ba sai da ya gani. Washegari muka fere karan dawa biyu muka shimfiɗa a tsakar gida, muka kafe su da ƙayar aduwa. Gwangwanin kifi ya zama kura, marafan kwalba ƙafafu, guntun silifas ɗin kakarsa ya zama roba. Na bar shi ya ɗaure da kansa, ya kuwa matse da waya tam. Turin farko ta ci karo da gaɓar kara ta wuntsila cikin kwanon kaji. Kakarsa ta leƙo daga madafa tana tambayar wanda ya yanka mata takalmi, ya nuna ni, ni kuma na ce ya je ya samo zare da ƙaramin dutse.