IN JAGORAN WAƘA YA KWANTA DAMA: YADDA MASU SAURARO KE KARƁAR MAGAJI



Duk wanda ya saba zama wurin biki ko teburin mai shayi a nan Lafia ya san wannan gardama. Da zarar an sa waƙar ɗan wani shahararren makaɗi da ya rasu, kafin a yi nisa za ka ji wani dattijo ya ce, "Ai wannan ba shi ba ne, a sa mana ta uban." Wani kuma ya ce a bar yaro, ai ya yi ƙoƙari. Gardamar ta fi yawancinmu shekaru, kuma tana da tarihin da ya kamata mu sani, domin abincin wasu bayin Allah da makomar kiɗanmu na gado suna rataye da ita.

YADDA ƘUNGIYAR KIƊA TAKE

Mukan ce waƙar Narambaɗa, waƙar Ɗanƙwairo, waƙar Shata, kamar mutum ɗaya ne ya yi ta. Alhali taro ne. Akwai jagora mai ba da waƙa. Akwai 'yan amshi masu riƙe gindin waƙa, waɗanda a wajen makaɗan fada sukan karɓe ɗan waƙa daga bakin jagora su ƙarasa shi. Akwai masu kiɗa, ko kotso ko taushi ko kalangu. Akwai sanƙira mai cika fage da kirari, yana shelar kyautar da aka yi. Wasu daga cikin waɗannan mutane sukan shafe shekara talatin ko arba'in a bayan mutum ɗaya, sun san inda zai ja numfashi tun kafin ya ja.

Shi ya sa a al'adar makaɗan fada rasuwar jagora ba ta rushe gida. Akan naɗa halifa, ɗa ko ƙane ko babban yaron gida, ya tsaya inda marigayi yake tsayawa. Ubangida, wato sarki ko hakimin da ake yi wa kiɗa, shi ke tabbatar da shi. In ya ba shi riga ya karɓi waƙarsa ta farko, magana ta ƙare, jama'a sai su bi.

ƊANƘWAIRO MA MAGAJI NE

Abin da da yawa daga cikinmu suka manta shi ne, waɗanda muke auna kowa da su a yau, su ma wata rana sababbi ne da ake aunawa da wasu.

Mu ɗauki Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun. Mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗi ne, kuma a gabansa ya koyi sana'ar yana amshi. Ko laƙabin nasa ma aro ne. Yadda masu tarihinsa suka kawo, akwai wani yaron mahaifinsa mai suna Ƙwairo, mai zaƙin murya, da aka ji muryar Musa ta yi kama da tasa sai aka riƙa ce masa Ɗanƙwairo. Ke nan mutumin da yau ake cewa babu mai murya irin tasa, da kwatanta shi da muryar wani aka fara saninsa.

Da mahaifinsu ya rasu ma ba shi aka ba ragamar gida ba. Yayansa Kurna ne ya gaje shi, Musa ya ci gaba da zama a bayansa yana amshi, sai daga baya ya tsaya da ƙafarsa. Daga nan ne ya yi wa Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da Sarkin Daura Muhammadu Bashar da sauran sarakuna waƙoƙin da har gobe ake saurare. Ya rasu a 1991, 'ya'yansa da suka taso suna yi masa amshi suka ci gaba da kotso.

Haka gidan Ɗandawo. Aliyu Ɗandawo ya yi suna a fadojin Argungu da Yawuri, bayansa ɗansa Sani Aliyu Ɗandawo ya ɗauka. Sani bai tsaya ga maimaita abin da uban ya bari ba, ya shirya nasa waƙoƙin, ya samu nasa iyayen gidan a birane daban-daban na Arewa. Yau in ka ce wa matashi "Ɗandawo", sau da yawa Sani yake nufi, sai an yi masa bayani zai san akwai Aliyu. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma fa sai da aka ba ɗan fili ya yi gudun.

RANAR DA MURYA TA DAINA MUTUWA

To me ya canza, har karɓar magaji ta yi wuya a zamaninmu? Na'urar ɗaukar murya ce.

A da, in makaɗi ya rasu muryarsa ta bi shi. Abin da ya rage sai abin da ke cikin kan tsofaffi, shi kuma tunani yana dusashewa. Bayan shekara biyar ko goma kunnen jama'a ya saba da halifa, yaran da suka taso ma shi kaɗai suka sani. Waƙar gidan tana nan, sai dai bakin da ke rera ta ya canza, kuma babu wanda zai iya kawo shaida ya ce ga yadda na farko yake yi.

Da faifan garmaho ya zo, sannan aka buɗe gidan Rediyon Kaduna a 1962, sannan kaset ya cika kasuwanni, sai lissafi ya juya. Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, ya daɗe da barin duniya, amma Bakandamiyarsa tana cikin wayoyin yaran da ko iyayensu ba su gan shi ba. Yau kuɗi kaɗan za ka ba mai tura waƙa a kasuwa ya cika maka waya da muryar duk wanda kake so.

Wannan alheri ne babba, don ba domin shi ba da mun yi asarar taska. Amma ya ɗora wa magaji nauyin da kakanninsa ba su ɗauka ba. Yanzu da marigayi yake gasa kullum, kuma marigayin da ke cikin kaset ba ya tsufa, ba ya mura, ba ya gajiya, mafi kyawun ranakunsa kawai aka adana. Shi kuwa magaji ga shi a fili cikin rana da ƙura, da lasifikar haya mai shaƙewa.

SHATA DA ƊANMARAYA

Babu inda wannan ya fito fili kamar a kan Dokta Mamman Shata. An haife shi a Musawa a 1923, ya rasu a watan Yuni na 1999, aka rufe shi a Daura. Shi bai gaji kiɗa ba, da kansa ya sari hanyarsa. Kuma baiwarsa ta musamman ita ce ƙirƙira nan take: ya dubi taro, ya ɗauko sunan mutum da garinsu da sana'arsa, ya ɗora a kan kalangu ba tare da ya zauna ya shirya ba. Ana iya koyon amshinsa, ana iya koyon kiɗansa, har muryarsa akwai masu kwaikwayo. Waccan baiwa ce ba a raba ta a cikin gado.

Ɗansa Sanusi ya ci gaba da waƙa da kalangu bayan rasuwarsa, kuma duk inda ya tsaya mutane kashi biyu suke. Akwai waɗanda da sun ji kalangun gidan ya tashi sai idonsu ya ciko, su fito su yi liƙi, don abin ya tuna musu ƙuruciyarsu da iyayensu. Akwai kuma waɗanda suka zo da kaset a cikin kunnensu, suna lissafin inda aka yi daidai da inda aka kauce. Duka biyun masoyan Shata ne. Bambancin kawai, na farko suna son gidan ya ci gaba, na biyu suna son mutumin ya dawo, abin da babu mai iya ba su.

Sai mu dubi maƙwabcinmu Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda mu mutanen Lafia muke ɗauka namu, tunda kafin a ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1996 jiharmu ɗaya, Filato. Shi da kuntiginsa kaɗai yake tsayawa, ba 'yan amshi, ba tawagar makaɗa. Da ya rasu a watan Yuni na 2015 ba a yi gardamar halifa ba, don babu ƙungiyar da za a gada. Masoyansa sun huta da jayayya, amma sun rasa abin da masoyan Ɗanƙwairo suke da shi: wurin da za ka je yau ka ga kiɗan gidan ana yin sa da rai.

BA MU KAƊAI BA NE

Wannan hali na masu sauraro bai tsaya ga Bahaushe ba. A ƙasar Turawa akwai wani kiɗa mai tsananin ƙarar jita da ganguna da suke kira hebi metal, wanda masoyansa suke da zafin kishi irin na masoyan Shata. Ƙungiyar Iron Maiden ta Ingila ta rabu da mawaƙinta Bruce Dickinson a 1993, ta ɗauko Blaze Bayley. Makaɗan su ne dai, sunan shi ne, amma da yawa daga masoya suka ƙi karɓar sabuwar muryar, kasuwar ƙungiyar ta ja baya, har a 1999 Dickinson ya dawo. Ita kuwa Black Sabbath da ta sallami Ozzy Osbourne a 1979, ta kawo Ronnie James Dio, wanda bai yi ƙoƙarin zama Ozzy ba. Ya zo da salonsa, faifansu na 1980 ya karɓu, har yau akwai masoyan da zamaninsa suka fi so. Haka AC/DC ta Ostareliya: mawaƙinta Bon Scott ya mutu a watan Fabrairu na 1980, aka ɗauko Brian Johnson, faifan da suka fitar da shi a wannan shekarar ya shiga sahun waɗanda aka fi saya a tarihin duniya.

A nan gida Najeriya ma akwai misali. Da Fela Kuti ya mutu a watan Agusta na 1997, ɗansa Seun yana ɗan shekara 14 ya tsaya gaban ƙungiyar uban, Egypt 80. Tsofaffin makaɗan uban ne suka riƙe shi har ya yi ƙarfi, ya fara fitar da nasa waƙoƙin, ya zaga duniya da su.

In ka haɗa waɗannan da labarin Ɗanƙwairo da Sani Ɗandawo, abu biyu za ka gani a wajen duk magajin da ya tsaya. Na farko, tsofaffin gida ba su watse sun bar shi ba, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na biyu, ya kai lokacin da ya zo da waƙar da babu ita a kaset ɗin wanda ya gada. Muddin waƙoƙin marigayi kaɗai yake rerawa, to a sikelin marigayi za a auna shi, kuma kama da wane ba ta wane. Ranar da ya yi tasa, dole a saurare shi a matsayin kansa.

INDA ABIN YA SHAFE MU

Sai dai magaji ba ya yin sabuwar waƙa a ɗaka. Makaɗin Hausa sai da taro da ubangida. Sai an gayyace shi suna ko aure ko naɗin sarauta, an ba shi wanda zai wasa, an sallame shi da abin da zai raba wa mutum goma da ke bayansa. Nan ne laifinmu yake. Mukan ce magada ba su kai iyayensu ba, amma in bikinmu ya tashi sai mu ɗauko mai kwamfuta da lasifika ya sa mana muryar uban, ɗan kuwa yana gida da kotsonsa a rataye. Ɗan amshin da ya ga wata uku babu gayyata zai koma gona ko acaba, kuma ba zai koya wa ɗansa abin da bai ciyar da shi ba. In 'yan amshi suka watse, ko an haifi mai murya irin ta Narambaɗa ba shi da inda zai tsaya.

Babu wanda ya ce a daina son na da. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma adana waƙoƙin magabata wajibi ne a kanmu. Amma Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Da mutanen Maradun sun ce su ba su san kowa ba sai Ɗankwanda, da ba mu samu Ɗanƙwairo ba.

Don haka shawarata ga 'yan uwa masu hali a cikinmu, da shugabannin unguwanni, da masu shirya taron Sallah da bukukuwan al'ada: in za a yi kasafin biki a ware wa makaɗan gargajiya kasonsu, ko na nan kusa ko na gidajen da muka ambata. In sun zo kuma, bayan sun yi mana ta uban don mu huce kewa, mu roƙe su su yi mana tasu, mu saurara har ƙarshe kafin mu yanke hukunci. Dattawanmu da suka ga su Shata da idonsu su zauna da yara su faɗa musu wane ne wane a cikin waƙa, don yaro ya san abin da yake ji.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya yafe musu kurakuransu, ya albarkaci abin da suka bari. Amin.

Daga Sakataren Ƙungiya, Lafia.