Daga Manjaniƙi Zuwa Motar Rimot Mai Harba Ƙwallo

Duk wanda ya tashi a karkarar ƙasar Hausa ya san majaujawa, wadda ake korar tsuntsaye da ita idan gero ya fara nuna, ya kuma san danƙon harbin tsuntsu. A nan unguwar Gurda ta birnin Sabha, inda Hausawan Nijar da Najeriya ke zaune da iyalansu, yaran da ke ƙera mota da gwangwani sun fara ƙara mata batir da rimot. Tunda na fara kawo zancen kimiyya a shirina na rediyo, tambayar da matasa suka fi aiko min ita ce yadda za a sa irin wannan mota ta harba ƙwallo. Amsar tana da tarihi mai tsawo.

Masana tarihin Girkawa sun rubuta cewa a shekarar 399 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Sarki Diyonisiyus na birnin Sirakus a tsibirin Sisili ya tara maƙera, suka fito da wani babban baka mai harba kibiya nesa. A ƙasar Sin kuwa aka ƙirƙiro wani salo daban: doguwar sanda a kan gwafa, mutane da yawa su fizgi igiya a gefe ɗaya, dutse ya tashi daga ɗaya gefen. Wannan salon ne ya iso ƙasashen Larabawa da sunan manjaniƙi. Littattafan sira sun ambaci amfani da shi a ƙawanyar Ɗa'ifa a shekarar 630. Wajen 712, Muhammad bin Ƙasim ya kafa wani mai suna Arus a birnin Daibul na ƙasar Sindi, wanda aka ruwaito mutum 500 ne ke jan igiyoyinsa.

Daga baya aka maye gurbin masu jan igiya da akwati cike da duwatsu. Idan aka saki akwatin ya faɗi, nauyinsa ne ke wurga sandar sama. Mardi al-Ɗarsusi ya bayyana irin wannan a littafin makamai da ya rubuta wa Salahuddin al-Ayyubi wajen 1187. A 1273 wasu Musulmi biyu, Isma'il da Ala'uddin, suka ƙera wa Mongolawa irinsa, ya taimaka aka ci birnin Shiyangyang na Sin bayan shekaru ana ƙawanya. Bindigar igwa ce ta kashe kasuwar manjaniƙi. Mu ma mun ga haka a gida: ganuwar Kano da aka fara ginawa zamanin Sarki Gijimasu ta tsare birnin ɗaruruwan shekaru, amma da Turawan Ingila suka zo da igwa a watan Fabrairun 1903, ba ta iya tsayawa ba.

Ɗaya rabin motar, wato na'ura mai motsi da kanta, shi ma yana da asali. A 1206 Isma'il al-Jazari, wanda ke aiki a fadar Diyarbakir, ya kammala littafi mai bayanin na'urori 50, ciki har da kwale-kwalen makaɗa na mutum-mutumi da ruwa ke motsa su. A 1898 Nikola Tesla ya nuna wa jama'a a birnin New York ƙaramin jirgin ruwa da yake juyawa daga nesa ba tare da waya ba. Wannan shi ne kakan rimot ɗin da ke hannun yaranmu.

Yaron da zai haɗa biyun yana bukatar katako mara nauyi, tayoyi huɗu, ƙananan injina biyu na batir, da rimot da na'urar karɓar saƙonsa daga tsohuwar motar wasa. A sama sai ya kafa ludayi a kan ƙusa, ya ɗaure shi da danƙo, ya ja shi baya ya maƙale da ƙugiya. Wani ƙaramin inji ne zai zare ƙugiyar idan aka danna rimot. Mai hali kan ƙara allon Arduino, wanda aka fara yi a Italiya a 2005. Ƙwallo ta fi zuwa nesa idan ta bar ludayin a kusurwar da ta kusa digiri 45, don haka sai a sa ƙarfen da zai tare ludayin a daidai nan. Kuma duk harbi yana tura motar baya, shi ya sa ake ajiye batir a ƙasa don kada ta kife. Matsalolin da suka sha kan maƙeran Salahuddin ke nan.

Abin da ya sa nake ba wannan zance lokaci a rediyo shi ne yaran Sabha sun ji ƙarar makamai na gaske a rikicin 2012 da na 2014, da yawa cikin 'ya'yan baƙi kuma ba sa zuwa makaranta saboda rashin takardu. Lissafin da ke sa harsashi ya faɗa kan gida shi ne ke sa ƙwallo ta faɗa cikin bokiti, kuma shi ake koyarwa a Jami'ar Sabha. Yaron da ya gwada sau goma, yana auna nisa da taku yana rubutawa, ya fara kimiyya ko bai san sunanta ba. Iyaye, idan kun ga ɗanku na kwance tsohuwar rediyo, kada ku yi saurin tsawata masa. Ku tambaye shi abin da yake son ƙerawa, ku nema masa littafin rubutu da mai gyaran waya a unguwa da zai koya masa haɗa waya.