BABI NA UKU: CYNTHIA KENYON DA BINCIKEN TSUFA

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin kawo tarihin Cynthia Kenyon, tare da bayyana yadda bincikenta ya sauya tunanin masana game da tsufa. Kafin aikinta, yawancin masana na ɗaukar tsufa a matsayin lalacewa kawai, wato jiki yana ƙarewa ne kamar yadda tufa ke ƙoƙewa, babu wani abu da ke sarrafa shi.

3.1 Haihuwarta da Karatunta

An haifi Kenyon a birnin Shikago na ƙasar Amurka a shekarar 1954. Ta yi digirinta na farko a fannin kimiyyar sinadarai a Jami'ar Jojiya, ta kammala a 1976. Daga nan ta wuce jami'ar MIT, inda ta sami digirin digirgir a 1981 a ƙarƙashin Graham Walker. A can ne ta gano cewa idan aka yi wa ƙwayoyin gadon bakteriya lahani, akwai wasu daga cikinsu da ke farkawa domin su gyara ɓarnar. Bayan haka sai ta tafi Kambirij ta ƙasar Ingila, ta yi aiki da Sydney Brenner a kan wata 'yar tsutsa mai suna C. elegans. A 1986 ta kama aiki a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko.

3.2 Binciken Shekarar 1993

Ita wannan tsutsa tsawonta bai wuce milimita 1 ba, kuma takan tsufa ta mutu cikin mako 2 zuwa 3. Wannan ne ya sa ta dace da nazarin tsufa, domin mai bincike ba zai jira shekaru ba kafin ya ga sakamako. Ya kamata a lura cewa ba Kenyon ce ta fara ba. Tun a 1988 David Friedman da Thomas Johnson suka bayyana ƙwayar gado mai suna age-1 wadda sauya ta ke ƙara wa tsutsar kwana. Sai dai masana da dama ba su ba abin muhimmanci ba.

A 1993 Kenyon da ɗalibanta suka buga sakamakonsu a mujallar Nature. Sun nuna cewa idan aka raunana ƙwayar gado guda ɗaya, wato daf-2, tsawon ran tsutsar yakan ninka, kuma tana nan da kuzarinta a lokacin da sa'o'inta suka riga suka mutu. Haka kuma sun gano cewa hakan ba ya yiwuwa sai da wata ƙwayar, wato daf-16.

3.3 Yadda Abin Yake Aiki

A 1997 ɗakin binciken Gary Ruvkun ya tabbatar da cewa daf-2 ita ke samar da makarɓin saƙon sinadari mai kama da insulin. Ma'ana, idan abinci ya wadata, saƙon yakan yi ƙarfi ya danne daf-16, jiki ya dukufa ga girma da haihuwa. Idan kuwa saƙon ya ragu, sai daf-16 ta tayar da ƙwayoyin gadon da ke kare jiki da gyara shi. Daga baya an sami irin wannan sakamako a ƙudaje a 2001, da ɓeraye a 2003. A 2008 kuma wani nazari a Hawayi ya danganta wani nau'in FOXO3, wato takwarar daf-16 a jikin ɗan Adam, da tsawon rai.

3.4 Naɗewa

A 2014 Kenyon ta koma kamfanin Calico, wanda Google ya kafa domin binciken tsufa. Dangane da abin da ya gabata, za a iya cewa aikinta bai samar da maganin tsufa ba, domin ninka ran tsutsa daban, na mutum daban. Abin da ya tabbatar shi ne jiki na da hanyoyin da ke sarrafa saurin tsufa, kuma ana iya nazarinsu. A babi na gaba za a dubi alaƙar abinci da waɗannan hanyoyi.